Casimira Ungozoma da Kwalbar da Na Hana Ta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Casimira Téllez Urbina a asibitin birni, tana da shekara sittin da huɗu. Washegari muka kai ta makwancinta a maƙabartar ƙauyenmu, La Ceibita. Samari shida ne suka ɗauki akwatin gawarta, huɗu daga cikinsu ita ta yanke musu cibiya. A coci Fada ya ce ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, kowa ya sunkuyar da kai, domin babu wanda bai san cewa rashin lafiyarta ta fi shekara ashirin ba. Ni ma na sunkuyar, har na fi kowa, domin ni ce Auxiliadora mai shagon da ke kallon ƙofar gidanta, wadda ake kira Chilo, kuma daga hannuna ta karɓi mafi yawan abin da ta sha a duniya.

Komadre, bari in kira ki da sunan da muka saba kiran juna tun ranar da kika riƙe 'yata Maritza a gaban ruwan baftisma. An gama addu'ar kwana tara, an mayar da kujerun da aka aro, mutane sun koma harkokinsu. Ni ce na kasa komawa. Shi ya sa na zauna a bayan kantar shago nake rubuta miki wannan.

Ina da shekara ashirin da biyu na fara saninki da kyau, ranar da naƙudar Maritza ta kama ni ina tsaka da toya tortiya, gurasar masararmu. Kin shigo da jakarki ta buhu, kika tarar da mijina Rufino yana safa da marwa a tsakar ɗaki yana tambayar me zai yi. Kika dube shi sama da ƙasa, kika ce, "Kai naka aikin ai ka gama shi tun wata tara da suka wuce. Fita ka yanka mata kaza." Ina cikin azaba na fashe da dariya, kuma a kan wannan dariyar yarinyar ta fara saukowa. Haka kike da kowa. Macen da ta firgita, sai ki ba ta labarin banza har ta manta da tsoronta. Namijin da ya cika baki, kalma biyu ta ishe ki ki zaunar da shi. Ba a taɓa jin kin tambayi abin da za a ba ki kafin ki shiga ɗaki ba. Wani gida ki fito da kaza, wani gida da ƙwaryar wake, wani gida kuma ke ce za ki koma da romo da yamma saboda kin ga babu wuta a murhunsu.

Shekarar da babbar guguwa ta kawo ambaliya, lokacin da kogi ya cinye gada ya raba ƙauyen gida biyu, an yi ta ihu daga wancan ƙetaren cewa wata yarinya tana naƙuda a kan rufin makaranta. Maza suna tsaye suna shawara. Kika ɗaure igiya a ƙugu, kika ɗora jakarki a ka, kika kama wutsiyar wani bijimin sa, kika shiga ruwan da ya kai miki wuya. Ina tsaye a bakin gaɓa ina kiran sunan duk wani waliyyi da na sani. Kwana biyu kika yi a kan rufin nan. Yaron da kika karɓa yanzu direban motar rake ne, kuma shi ne ya riƙe akwatinki ta wajen kai yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba zan manta da jinyar Rufino ba. Ciwon ƙodar da ke cinye masu saran rake ya kwantar da shi wata biyar. Dangina sun zo sun gaji sun tafi. Ke ce kike juya shi, kike wanke shi, kike tsare mini shago idan na kai shi asibiti. Ranar da ya cika, ke kika rufe masa ido, domin hannuna ya ƙi. Wanda duk zai tuna da ke a matsayin tsohuwar da ake gani tana tangaɗi a bakin titi, ina so ya fara sanin waɗannan.

Yadda abin ya fara kuwa, babu wanda zai iya nuna ranar. A nan kowa yana sha. Ana sha a biki, ana sha a makoki, ana sha ranar Asabar idan an sallami masu sara. Duk gidan da aka haihu lafiya, uban jariri zai zuba guaro, barasar rakenmu, ya miƙa wa ungozoma kofin farko, kuma ƙin karɓa cin fuska ne. Ke kuwa akwai makon da za ki karɓi haihuwa huɗu. Mun ɗauka kina sha ne kamar yadda muke sha, ki yi waƙa, ki zolayi mutane, gari ya waye ki koma aikinki.

Wata safiya, Maritza tana aji shida a lokacin, kika tsallako titi da wata 'yar kwalbar maganin tari, kika ce in cika miki da guaro, za ki riƙa wanke almakashi da shi. Na cika. Bayan kwana uku kika dawo. Daga nan sai kullum. Wata rana na ce, "Komadre, almakashin nan naki ya fi Rufino ƙishirwa." Kika yi dariya kika ce, "Ke dai zuba, uwar surutu." Muka yi dariya tare. Da na san abin da nake yi wa dariya, da na ciji harshena.

Ranar da na gane, ruwa ake yi, na makara ban buɗe shago ba sai wajen ƙarfe takwas. Na same ki zaune a dakali, jikinki yana karkarwa, gumi ya jiƙa miki riga duk da sanyin da ake yi. Na zuba miki a kofi, kika kasa kai shi baki, rabi ya zube a ƙasa. Sai kika cire tawul ɗin da ke kafaɗarki, kika rataya shi ta bayan wuya, kika kama bakinsa ɗaya tare da kofin, kika ja ɗaya bakin da ɗayan hannun har kofin ya iso leɓenki. Yadda kika yi shi ba tare da tunani ba, na san ba ranar kika fara ba. Bayan ɗan lokaci kika miƙo mini hannuwanki biyu, sun tsaya cak kamar na yarinya.

Na ce, "Casimira, wane daɗi kike ji a wannan abin?"

Kika ce, "Daɗi? Daɗin ya ƙare tun shekarun baya, Chilo. Ke idan kin tashi da safe mutum kike. Ni sai na sha wannan nake zama mutum. Ba don in hau sama nake sha ba, don in iso inda kuke ne."

Na ɗauki shekaru ina juya maganar nan. Mu da muke kallo daga waje muna cewa mashayi yana bin son ransa ne. Ni na ga akasin haka da idona. Na ga mace mai ƙarfin zuciyar da ta shiga ambaliya tana riƙe da wutsiyar sa, ta tsani abu, tana kuka a kansa, tana rantsuwa da 'ya'yanta cewa ta bari, kuma ƙarfe shida na safe ƙafafunta su kawo ta ƙofata ba da shawararta ba. Na yi ta nema miki dalili. Na ce ko mutuwar mijinki ce, ko matan da suka rasu a hannunki ne suke hana ki sukuni. Kika ce in daina wahalar da kaina, ko da akwai dalili a da, abin ya daɗe da daina buƙatarsa.

Kin yi ƙoƙari, wannan zan shaida a gaban Allah. Karon farko kin kulle kanki a ɗaki, kika ba 'yarki Yadira makulli. A kwana na uku da rana tsaka muka ji ihu. Muka same ki kina kakkaɓe jikinki, kina cewa tururuwa sun rufe bango suna shiga miki kunne, sannan kika faɗi kina jijjiga har kika datse harshe. Ma'aikaciyar jinya ta yi mana faɗa, ta ce wanda jikinsa ya saba haka ba ya yankewa kai tsaye ba tare da likita ba, yankewar kanta tana iya kashe shi. Karo na biyu an kwantar da ke a asibiti, kika fito, kika fara zuwa taron masu neman dainawa da ake yi a ɗakin bayan coci. Ke kaɗai ce mace a cikin maza goma sha. Masu zaman kashe wando a bakin kasuwa suna yi miki kirari idan za ki wuce, wai ga ungozoma za ta je karɓar haihuwar mashaya. Ba ki fasa ba. Wata bakwai kika yi ba ki sha ba. Kumatunki suka ciko, kika shuka barkono da tumatir a bayan gida, kika koma zolayar mutane. A watannin nan bakwai abin da kike saye a wurina garin kofi ne da sukari, kuma ban taɓa jin daɗin ciniki kamar wannan ba.

Sai aka yi wata baftisma. Uban yaron, mutumin kirki, wanda ba ya nufinki da komai sai girmamawa, ya tsaya a gaban jama'a da kofi ya ce ba zai sha ba sai uwar da ta karɓi ɗansa ta fara. Kika ce a'a. Ya ce kurɓi ɗaya, don albarkar yaro. Mutane suka yi ta tafi suna kiran sunanki. Ina wurin, ina riƙe da farantin shinkafa da wake, ina kallo har kika karɓi kofin. Bayan kwana huɗu kika tsallako titi da kwalbar maganin tari, ba ki kalle ni ba, ni ma ban kalle ki ba.

Aikinki ma ke kika ajiye shi da kanki, kuma wannan ya kamata a sani. Shekara takwas da suka wuce an kira ki wajen wata mai haihuwar fari. Kika taɓa cikinta, kika ji yatsunki ba sa gaya miki komai, ke da kike gane kwanciyar jariri ido a rufe. Nan take kika sa aka nemo a-kori-kura aka wuce da ita asibiti, ta sauka lafiya. Da yamma kika kai jakarki ɗakin shan magani kika ajiye a kan tebur, kika ce a ba wadda hannunta yake nata. Tun daga ranar ba ki sake shiga ɗakin mai naƙuda ba. Kin kare matan ƙauyen nan daga kanki. Amma daga ranar kuma ba ki da sauran abin da zai sa ki jira har yamma.

A farkon Disamban da ya wuce Yadira ta shigo shagona. Ta dawo daga kai ki asibiti, an gaya mata hantarki ta kumbura. Yarinyar da na goya, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta tsaya a gaban kantar shagon ta ce, "Doña Chilo, ke ce aminiyarta, kuma ke ce kike kashe ta. Idan kin ƙara zuba mata ko ɗigo, kada ki zo jana'izarta." Ban yi musu ba, domin abin da na daɗe ina faɗa wa kaina ne. Na ɗora hannu a kan gicciyen da ke wuyana na yi mata alkawari.

Washegari kika zo, na ce babu. Kika ɗauka wasa ne. Da kika ga da gaske nake, kika yi lallashi, kika yi zagi, kika tuna mini Rufino da wata biyar ɗin nan, abin da ba ki taɓa gorantawa ba. Na juya baya ina jera sabulu ina hawaye. Kullum sai kin zo, kullum sai na hana. Sauran masu shago biyu ma Yadira ta bi su sun yi alkawari. Da na ga ba ki faɗi kina jijjiga ba, sai na ce a raina kina samun sauƙi. Ban tambayi kaina daga ina kike samu ba. Ashe akwai wani mai babur da ke zuwa sansanin masu saran rake da jarkoki marasa suna, yana sayar da wata barasa mai arha wadda ba a san inda ake haɗa ta ba. Kullum kina taka tafiyar awa guda a cikin rana zuwa can, da kumburarrun ƙafafu.

Ranar Asabar, sha ɗaya ga wata, kika zo da safe kina dafe da kai. Ba ki yi zagi ba, ba ki yi lallashi ba. Kika jingina da ƙofa kika ce, "Komadre, abin da na sha jiya ba shi da kyau. Cikina yana murɗawa, kaina kamar zai tsage. Ba ni na kirki kofi ɗaya in wanke shi." Na ɗauka sabuwar dabara ce, domin kin yi mini dabaru iri-iri a watan nan. Na ce, "Je ki sha ruwa ki kwanta." Na ba ki ƙwayar ciwon kai guda biyu. Kika karɓa, kika ce na gode, kika tsallaka titi a hankali.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na leƙa ki. Kina zaune a bakin gado, taga a buɗe, rana ta cika ɗakin. Kika juyo wajen motsina kika ce, "Chilo ce? Wa yake ƙona rake da hantsin nan? Hayaƙi ya cika ɗakin, ba na ganin ko hannuna." Babu hayaƙi ko kaɗan. Na ɗaga yatsuna a gaban fuskarki, idonki bai motsa ba.

A cikin motar da ta kai mu birni kin riƙe hannuna, numfashinki yana fita da sauri kamar wadda ta yi gudu. Abin da kika ce na ƙarshe da na fahimta shi ne a gaya wa ɗanki Efraín, da ke aiki a Costa Rica, kada ya bar aikinsa ya taho, ba wani abu ba ne. Kafin la'asar kin daina magana. A ɗakin da aka kwantar da ke akwai masu saran rake biyu da suka sha daga jarka ɗaya da ke. Ɗaya ya rigaye ki da kwana guda, ɗayan ya rayu amma ba zai ƙara gani ba.

Ranar Litinin wani matashin likita ya kira ni da Yadira gefe. Ya ce barasar an gauraya ta da irin wadda ake aiki da ita a masana'antu, guba ce da ba ta nuna kanta sai bayan kwana guda, kuma an kawo ki a makare. Yadira ta tambaye shi abin da ke cikin ledar da aka rataya ana ɗura miki ta hanci. Ya ce barasa ce, ta gaske. Ya ce abin mamaki, ita ce take tare wa wannan guba hanya a cikin jiki kafin a wanke jini, shi ya sa wani lokaci wanda ya ci gaba da shan ta kirki a kai yake daɗewa bai makance ba har a iso da shi. Bai san abin da ya faru ranar Asabar ba. Yadira ta sani, domin na gaya mata a mota, har ta ce na kyauta. Muka tsaya a barandar asibiti, kowa yana kallon ƙasa.

Na koma na sami likitan ni kaɗai na tambaye shi ko kofi ɗaya da zai cece ki. Ya ce ba zai iya cewa ba, mai yiwuwa a'a, abin da zai cece ki shi ne a kawo ki asibiti a ranar. Wannan ma ban yi ba. Kin tsaya a ƙofata kin gaya mini da bakinki cewa kin sha abu marar kyau, amma abin nan ya riga ya sa kin yi mini ƙarya sau da yawa har ranar da kika faɗi gaskiya ban gane ta ba.

Ga inda na tsaya, komadre, kuma na kasa gaba na kasa baya. Shekara ashirin ina ba ki, ina kashe ki a hankali. Wata guda na hana ki, kika mutu a kwana huɗu. Na nemi hanya ta uku da ya kamata in bi, na nema a coci, na nema a wurin mutanen ɗakin bayan coci, ban samu wanda ya nuna mini ita ba. Mai babur ɗin ya ɓace, an ce wani ya maye gurbinsa a wani sansanin. Kwana biyu bayan jana'izarki wani dattijo maƙwabcinmu ya zo da sassafe, hannunsa yana karkarwa, ya ajiye kwalba a kan kantar shago. Na daɗe ina kallonsa. Na cika masa. Ban sani ba ko taimako na yi ko zunubi, kuma gobe ma zai dawo.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Casimira ta zo gare ka da hannuwan da suka karɓi ɗaruruwan bayinka zuwa duniya. Ka dubi wahalar da ta sha, ka dubi sau nawa ta tashi bayan ta faɗi, ka yafe mata abin da ya fi ƙarfinta. Ka buɗe mata idon da ya rufe, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Ka jiƙan bawanka da ya rasu a gado na kusa da nata, ka tallafi wanda ya rage a cikin duhu. Ka ji tausayin duk wanda zai farka gobe jikinsa yana neman abin da ransa ya tsana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Efraín, wanda ya iso bayan an rufe kabari, da jikokinta biyar, da dukan matan La Ceibita da suka taɓa matse hannunta a lokacin tsanani. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku tuna da ita tana dariya.

Ke kuma Yadira, tun daga barandar asibiti ba mu haɗa ido ba, kina zagayawa ta bayan layi don kada ki bi ta ƙofar shagona. Na san abin da yake cin ki. Ki saurare ni, 'yata: kin nemi ran mahaifiyarki ne da iyakar abin da kika sani, ba ke kika kashe ta ba. Na faɗa miki wannan da dukan zuciyata, kuma ina roƙon Allah ya sa ki yarda. Ni ma ina jiran ranar da zan iya yarda idan wani ya faɗa mini.

Allah ya jiƙanki, komadre. Amin.